Mu tare a Mastodon da Bluesky, ko mu zauna inda muke? Lissafi ga Hausawan Legas

Duk lokacin da aka rufe wa wani sananne shafi, ko aka ji ƙishin-ƙishin gwamnati da kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp da Instagram, sun sake saɓawa, sai maganar ta taso a zaurukan Hausawan Legas: mu tashi mu koma inda babu mai iko da mu. Galibi matasa ne ke kawo ta, masu gyaran waya a Computer Village da ɗaliban jami'o'in Akoka da Ojo, kuma kafofin sada zumuntar da suke ambata ba su wuce uku ba: Mastodon, Bluesky da Nostr. Dattawan kasuwa sukan saurara, su yi tambaya ɗaya, "To, su wa ke can?" Daga nan zancen ya mutu. Tambayar ta fi nauyin da matasan ke ba ta, amma bai kamata ta kashe zancen ba, domin abin da matasan ke tsoro ya taɓa faruwa a gabanmu.

A ranar 4 ga Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da Twitter, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani rubutu na Shugaba Muhammadu Buhari. Kamfanonin waya suka toshe shi, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022, wata bakwai cur. Ana cikin wannan, ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida, saboda kuskuren injiniyoyin kamfani guda. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220, daga baya kuma aka ruwaito kamfanin yana shaida wa kotu cewa zai iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Ba a kai ga haka ba. Amma matar da ke sayar da atamfa da turaren wuta daga ɗakinta a Idi-Araba, wadda duk cinikinta ke rataye a wayarta, tana da haƙƙin ta tambaya: in an wayi gari babu, ina zan nufa?

Wanda ya san tsarin zango ba zai sha wahalar gane Mastodon ba. Baƙo ya sauka Agege ko Alaba Rago da kayansa, ba ya zama haka kawai, sai ya nemi mai masauki. Shi zai ba shi makwanci, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa in rigima ta taso, kuma dokar gidansa ita ce doka. Masu masauki suna da yawa, kowa da gidansa, amma baƙin wannan suna hulɗa da baƙin wancan. Haka Eugen Rochko ya gina Mastodon a Jamus a 2016. Babu kamfani ɗaya da ke riƙe da kowa. Duk mai hali yana iya kunna kwamfutarsa ta ajiya, wadda ake kira uwar garke, ya karɓi mutane, ita kuma ta yi magana da dubban irinta ta wata ƙa'ida mai suna ActivityPub, wadda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da ita a 2018. Shi ya sa sunanka a can yake zuwa kashi biyu kamar na imel: sunanka, sannan sunan masaukinka. In wani masauki ya rufe, sauran suna nan. Babu attajirin da zai saye su duka kamar yadda Elon Musk ya sayi Twitter a kan dala biliyan 44 a Oktoban 2022.

Tunani ne mai kyau, kuma ni ina cikin masu son ya yi nasara. Sai dai alƙaluma sun nuna inda aka kwana. Bayan cinikin Twitter, masu amfani da Mastodon a wata sun tashi daga kusan dubu 300 zuwa miliyan 2.5 cikin makonni. Mutane suka shiga, suka leƙa, da yawa suka fice, har adadin ya koma ƙasa da miliyan ɗaya. WhatsApp kuwa ya haye biliyan 2 tun 2020. Kuma ba yau aka fara ba: a 2010 wasu ɗalibai huɗu a Jami'ar New York sun tara dala dubu 200 daga jama'a don gina Diaspora, wadda aka ce za ta gaji Facebook. Tana nan har yanzu, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sunanta daga Obalende har Mile 12.

Matsala ta farko tun a bakin ƙofa take. Ka sayi sabuwar Tecno ko Itel, ka sauke WhatsApp, ka sa lambarka, shi ke nan. Kafin ka ajiye wayar, duk wanda ke cikin jerin lambobinka ya bayyana: mahaifiyarka a Funtuwa, direban da ke ɗauko maka kaya, dillalinka, limamin unguwa. Ba ka nemi kowa ba. Mastodon da Bluesky kuwa imel suke tambaya, alhali mutanenmu da yawa ba su san imel ɗin da ke kan wayarsu ba, domin yaron shago ne ya buɗe musu ranar da suka saya, kuma shi kansa ya manta kalmar sirrin. A Mastodon, bayan imel akwai batun zaɓar masauki, abin da sabon shiga ba shi da ma'aunin da zai auna. Su kansu masu manhajar sun gane wannan yana korar mutane, shi ya sa tun 2023 suke tura sabon shiga kai tsaye zuwa nasu babban masaukin, mastodon.social. Wato don a sauƙaƙa, sai da aka ɗan koma ga tara jama'a wuri ɗaya, abin da aka gudo dominsa.

Ka shiga kuma, sai ka tarar da fili fetal. Facebook da TikTok suna da injin da ke lura da abin da ka tsaya kallo, ya yi ta turo maka irinsa. Wannan injin yana da illa babba, shi ke ɗaga rigima da zagi sama da magana mai hankali, kuma shi ke cinye wa yaranmu dare. Amma shi ne kuma ke sa baƙo ya ga abin kallo a minti na farko. Mastodon da gangan ya ƙi wannan: abin da waɗanda kake bi suka rubuta shi za ka gani, bi da bi bisa lokaci. In ba ka bin kowa, babban shafinka fanko zai kasance. Kuma in ka nemi rubutun Hausa, abin da za ka samu bai taka kara ya karya ba. Facebook ya sa Hausa cikin harsunansa tun 2016, shekarar da Mark Zuckerberg ya zo Yaba, kuma tun kafin nan malamai da marubuta da 'yan siyasa da 'yan Kannywood suka cika shi. Wannan taron ba a kwashe shi da sanarwa.

Mun ma taɓa yin ƙaura, mu tuna yadda ta kasance. Waɗanda suka yi zamanin 2go sun san babu wanda ya kira taro ya ce a bar shi. Wayoyi suka canja, WhatsApp ya zo da abin da ya fi, abokai suka zare ɗaya bayan ɗaya, wanda ya rage ya ga babu abokin hira shi ma ya bi. Haka BBM na wayoyin BlackBerry ya ƙare. Da aka rufe Twitter kuwa, jami'an gwamnati sun koma wata manhajar Indiya mai suna Koo, suna kiran jama'a su biyo su. Jama'a suka sauke VPN suka ci gaba da zama inda suke, Koo ɗin ma ta rufe a 2024. Mutum yakan tashi ne idan can ta fi nan daɗi kuma mutanensa sun riga shi. Don aƙida kaɗai, 'yan kaɗan ne ke tashi.

Yanzu mu zo kan abin da na ɗauka shi ne babban gibi a wurinmu, wanda masu gina waɗannan kafofi a Turai da Amurka ba su cika tunawa da shi ba: murya. Ka tsaya a Mile 12 da asuba lokacin da motocin tumatir da tattasai da albasa ke shigowa, ka ga yadda ake aiki da waya. Ba rubutu ake yi ba. Danna ake yi a yi magana. Dillali ya faɗi yadda kwando ya kwana, direba ya ce ya wuce Jebba ko ya maƙale a Ogbomosho, mai kaya a Kano ko Zariya ya saurara ya yanke shawarar ko ya ƙara lodi. Wani ya fi ƙwarewa a ajami, wani boko kaɗan ya yi, wani hannunsa a jiƙe yake, amma kowa yana iya magana. Mastodon da Bluesky an gina su ne a kan gajeren rubutu, haruffa 500 a na farko, 300 a na biyu, don a karanta a fili. Ba su da wannan maɓalli na danna ka faɗa, ba su da kiran murya, ba su da rufaffen zaure irin wanda ƙungiya ke buƙata, inda WhatsApp ke ɗaukar mutum 1,024 a zaure guda. Saboda haka duk wanda ya ce 'yan kasuwa su bar WhatsApp su koma Mastodon ya haɗa abubuwa biyu da ba aikinsu ɗaya ba. Mastodon da Bluesky kishiyoyin X ne, wato tsohon Twitter, ba na WhatsApp ba. In har ana neman abin da ya yi kama da WhatsApp kuma babu mamallaki ɗaya, sai dai a duba Matrix da manhajarsa Element, shi ma kuma babu jama'armu a ciki. Telegram da Signal da ake yawan ambata, kowannensu hannu ɗaya ke riƙe da shi.

Sai kuɗin data. Kamfanonin waya suna sayar da ƙananan ƙunshi masu araha na WhatsApp da Facebook da makamantansu kaɗai, kuma talaka da yawa a kansu yake rayuwa, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a Janairun 2025. Irin wannan ƙunshi ba ya buɗe wani masaukin Mastodon da ke Finlan. Kamfanin waya da manyan kamfanoni yake ƙulla irin wannan tsari, ba da dubban masu sa kai ba. Mai gadi a Lekki ko mai tura baro a Oyingbo ba zai sayi cikakkiyar data don ya karanta muhawarar da ba da harshensa ake yi ba.

Batun amana ma yana nan, kuma a nan ne nake ganin masu kiran ƙaura ba su yi zurfin tunani ba. A cinikinmu na yau, lambar waya ita ce shaidar mutum. An ɗaure ta da NIN, ita ce lambar asusunsa a OPay ko PalmPay, ita ce a WhatsApp. In wani ya ce shi ne wane, kana iya kira ka ji muryarsa kafin ka tura kuɗi. Duk da haka ana damfara, ana sace wa mutane WhatsApp ta hanyar yaudararsu su faɗi lambobi shida da aka turo musu. To ina ga wurin da kowa zai iya buɗe suna iri ɗaya da naka a wani masauki daban, da hotonka, babu ofishin da za a kai ƙara? Mastodon yana da hanyar tabbatar da mutum, amma sai kana da shafin intanet naka da za ka haɗa. Nawa ne cikin masu sayar da shanu a Oko-Oba ke da shi? Kuma a sani, saƙon sirri a Mastodon ba a kulle yake daga waya zuwa waya ba. Mai masaukinka, da mai masaukin wanda ka aika wa, suna iya karantawa in sun so. WhatsApp ya kulle saƙonni haka tun 2016, duk da cewa kamfanin yana sanin wa ya yi magana da wa, da kuma yaushe. Wanda ya gudu daga Meta don sirri ya kai maganar kuɗinsa akwatin Mastodon, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Wani zai ce, to mu buɗe namu masaukin mana, na Hausawan Legas, da dokokinmu. Wannan ita ce shawara mafi kyau a duk zancen, kuma ita ce mafi nauyi. Manhajar kyauta ce, amma hayar uwar garke ba kyauta ba ce, kuma galibi da dala ake biya. Mun ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haye 1,500 a 2024, mun kuma ga lokacin da bankuna suka hana katin naira biya a waje. Akwai cibiyoyin ajiya a nan gida, irin Rack Centre a Ikeja da MDXi a Lekki, sai dai su ma kayan aikinsu da lissafinsu suna bin dala da dizal. Kuma masaukin Mastodon yana ajiye kwafin hotuna da bidiyon da mutanensa ke bi daga wasu wurare, saboda haka rumbunsa kullum cika yake yi. Mutanenmu kuwa bidiyo suke so: wa'azi, biki, waƙa, tallan kaya.

Kuɗin ma shi ne mai sauƙi. Wa zai zauna ya yi shari'a? Ranar da aka sa hoton ƙarya aka ce an kai wa Hausawa hari a wata unguwa, kamar yadda jita-jita ta ƙara wa rikicin Mile 12 na Maris 2016 wuta, wa zai farka ƙarfe biyun dare ya cire? Ranar da 'yan Izala da 'yan ɗariƙa suka kaure, ko magoya bayan jam'iyyu biyu, wa zai raba ba a ce ya ɗauki ɓangare ba? A Facebook muna zagin wani kamfani da ba mu taɓa gani ba, wanda injinsa ba ya gane habaici da zambo, yana rufe mai gaskiya ya bar mai zagi. A masaukinmu kuwa wanda za a zaga ɗan'uwanmu ne, an san shagonsa, an san masallacin da yake salla. Kuma shi hukuma za ta nema in wani ya rubuta abin da ya taɓa dokar laifukan intanet ta 2015, ko aka yi sakaci da bayanan mutane a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023. A Turai ma masu wannan aiki na sa kai suna gajiya su rufe. Shi ya sa Mastodon ke neman masaukan da yake tallatawa su yi alkawarin ba da sanarwar wata uku kafin rufewa. Kafin a rufe, kana iya kwashe mabiyanka zuwa wani wuri, amma tsofaffin rubuce-rubucenka ba sa bin ka.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba. Masu masauki suna iya yanke hulɗa da juna. Wani lokacin hakan alheri ne: da kafar Gab ta masu tsattsauran ra'ayi ta shigo tsarin a 2019, yawancin masaukai sun toshe ta. Amma hukuncin yana hawa kan kowa da ke gidan, mai laifi da marar laifi, kuma ba lallai a sanar da kai ba, sai dai ka ga wasu abokai sun ɓace. Yawancin manyan masaukai suna bin al'adar Turai da Amurka a kan abin da ya halatta a faɗa game da addini da aure da tarbiyya, da yawa kuma ba sa son talla. Bahaushe ya karanta dokokin gida da kyau kafin ya sauke kaya.

Bluesky ya fi sauƙin shiga nesa ba kusa ba. A cikin Twitter aka fara shi a 2019 zamanin shugabancin Jack Dorsey, ya zama kamfani mai zaman kansa, ya buɗe wa kowa a Fabrairun 2024. Kamanninsa kamar tsohon Twitter, ba a tambayarka masauki, bincike yana aiki, kuma kana iya bin jerin mutane da wani ya haɗa da dannawa ɗaya. Da kotu ta rufe X a Brazil a ƙarshen Agustan 2024, miliyoyi sun kwarara cikinsa, bayan zaɓen Amurka na Nuwamba ya haye miliyan 20, a farkon 2025 ya wuce miliyan 30. Abin lura shi ne, ya yi wannan girma ne daidai gwargwadon yadda ya ɓoye wa mutane rarrabuwar masaukai. Kusan kowa a kwamfutocin kamfanin yake zaune, kuma manhajar da kusan kowa ke amfani da ita tasu ce. Da gwamnatin Turkiyya ta nemi a ɓoye wasu shafuka a 2025, an ɓoye su ga masu kallo daga ƙasar. Abin da ya fi burge ni a Bluesky ɗaya ne: kana iya mayar da adireshin intanet naka ya zama sunanka. Jarida ko ƙungiya mai adireshin da ya ƙare da .ng, wanda hukumar NiRA ke rajista kuma ana biya da naira, tana iya amfani da shi, kowa ya san ita ce, kuma sunan nata ne ko ta canja wuri.

Nostr shi ne ya fi su tsauri a aƙida. Babu rajista, babu imel. Makullai biyu ake ba ka, dogayen haruffa, ɗaya na nunawa ɗaya na ɓoyewa. Babu wanda zai iya ƙwace sunanka, amma in na ɓoyewar ya ɓata ko aka sace, babu wanda zai dawo maka da shi har abada. A garin da ake fizge waya a cunkoson Oshodi, kuma ake ba wa mai gyara waya tare da lambar buɗewa, wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Hirar da ta fi yawa a cikinsa kuma ta Bitcoin ce. In ba harkarka ke nan ba, wuce.

Threads kuma darasi ne a kan dukkan zancen. Meta ta fito da shi a Yulin 2023, ya tara mutum miliyan 100 cikin kwana biyar, ba don ya fi Mastodon kyau ba, sai don duk mai Instagram ya tarar da mutanensa suna jiransa. Daga 2024 ya fara barin masu so su haɗa shafinsu da duniyar ActivityPub. Amma na Meta ne, kuma duk abin da ya sami Facebook a Najeriya zai iya samunsa.

To a ranar toshewa fa, wanne zai tsaya? A nan Mastodon da Nostr sun fi, domin toshe adireshi dubu ya fi toshe ɗaya wuya. Sai dai gwamnati ba ta buƙatar toshe dubu, wanda jama'arta suka taru a ciki kawai za ta nema. Tana kuma iya bi ta kantin manhaja, kamar yadda aka cire Damus, wata manhajar Nostr, daga kantin Apple na ƙasar Sin a 2023. Mu kuma 'yan Arewa mun ga wanda ya fi wannan: a Satumban 2021 an kashe layukan waya ɗungurungum a Zamfara, aka biyo da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. 'Yan'uwa a nan Legas sun yi makonni ba su ji muryar gida ba. A irin wannan rana babu manhajar da ke aiki, ko mai mamallaki ko marar shi.

Ga yadda nake ganin zaɓin, gwargwadon wanda ke tambaya.

Ɗan kasuwa, direba, mai sana'ar hannu, da uwargida mai sayar da kaya daga gida: ku zauna a WhatsApp, Facebook da Instagram, can masu sayenku suke. Abin da ya kamace ku ba ƙaura ba ce, kariya ce. Ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, kada ku faɗa wa kowa lambobi shidan nan ko da ya ce daga ƙungiya yake. Ku rubuta lambobin manyan abokan cinikinku a littafi na takarda, tare da bashin da ke tsakani. Mabiya dubu hamsin a Instagram ba naku ba ne, aro aka ba ku, amma lambobi ɗari biyu a littafi naku ne, kuma da su za ku iya tashi ko'ina.

Masu yin bidiyo da barkwanci da waƙa, waɗanda ke ci daga kallo: babu abin da Mastodon ko Bluesky za su ba ku a yanzu. Ba su da tsarin raba kuɗin talla, alhali YouTube yana biya, Facebook ma ya buɗe wa 'yan Najeriya wannan ƙofa a 2024. Ku dai riƙa ajiye asalin bidiyoyinku a wani wuri da ba shafin ba.

'Yan jarida, marubuta, malaman jami'a, masu fafutuka, da duk wanda maganarsa za ta iya ɓata wa mai mulki rai: ku ne ya kamata ku buɗe Bluesky tun yau, ba ranar da aka rufe X ba, domin ranar kowa a ruɗe yake. Ku sa adireshin a jikin shafukanku na yanzu, ku riƙa saka rubutu ko sau ɗaya a mako don kada wurin ya zama kango, kuma ku yi da Hausa. In marubutan Hausa ɗari suka yi haka suka haɗa jerin sunayensu wuri ɗaya, sabon shiga zai tarar da abin karantawa, wanda shi ne abin da babu a yanzu. Mai sha'awar fasaha da ke son hira mai natsuwa da mutanen wasu ƙasashe, ba tare da talla ba, zai ji daɗin Mastodon, in ya yi haƙurin makonnin farko.

Ƙungiyoyi kuwa, na kasuwa ko na unguwa ko na ɗalibai, kada su fara da buɗe masauki. Su fara da rajistar adireshin intanet da sunan ƙungiya, ba da sunan sakataren da zai iya sauka ko ya yi fushi ba, a biya kuɗin shekara daga asusu, a sa ranar sabuntawa cikin littafin taro. Su riƙe rajistar mambobi da lambobinsu a wajen WhatsApp, yadda za a iya aika musu gajeren saƙon waya in intanet ta ɗauke. Kowane zaure ya kasance da masu kula aƙalla uku. In bayan wannan akwai kuɗin shekara biyu a ajiye, akwai mutum biyu da suka iya kula da uwar garke, akwai kuma kwamitin da dattawa suka amince ya yanke hukunci a kan rubutu, to a gwada Mastodon da mutum hamsin, a rufe rajista ga bare, a hana ɗora dogon bidiyo, a duba bayan wata shida a ga mutum nawa ke shiga ba tare da an tuna musu ba.